Furfurar Kakata da Haƙorin Abu Salama

A gidanmu na unguwar Nuzla, a Jidda, gashi ba ya faɗuwa ƙasa ya kwana. Duk ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, kakata, wato mahaifiyar babana, takan shimfiɗa tabarmar roba a ƙofar ɗakinta ta hau kujera 'yar tsugunno, ni kuma in zauna tsakanin ƙafafunta ta tsefe mini kai ta yi sabon kitso. Duk silin da ya maƙale a mataji sai ta zare shi, ta naɗe a ɗan yatsa, ta tura ƙarƙashin cinyarta. In an gama ta dunƙule su wuri guda, ta ƙulle a tsumma, ta jefa a wani gwangwanin madara da ke bayan akwatinta. Idan gwangwanin ya cika, baffana yakan ɗauke ta a 'yar motarsa ta ɗaukar kaya zuwa wani fili a Khumra, kusa da siton da yake aiki, ta tona rami da tsohon cokali ta binne. Farce ma haka take yi masa.

"Gashin mutum ai mutum ne," in ji ta. "Wanda ya riƙe shi ya riƙe ki."

Sunanta aka sa mini, don haka a gidan babu mai kiran sunana. Ita kuma takwara take ce mini.

A makaranta ba ni da magana. Kujerata tana jikin bango, kuma ko na san amsa ba na ɗaga hannu. Amma ina son zane. Wata rana malamarmu ta ilimin halittu ta sa mu zana kifi, sai na zana wanda mamata ta saya a ranar, har da wani siririn layi da ya bi gefen jikinsa daga kunne zuwa wutsiya. Malamar ta daɗe tana kallon takardar. Da hutun zafi ya matso, ta kira ni ta ce akwai wata cibiyar binciken teku a arewacin gari, wajen Abhur, da ke ɗaukar 'yan mata kaɗan su koyi aiki a lokacin hutu, kuma ta ba da sunana.

"A kan dolfin suke aiki," ta ce. "Abu salama. Kin taɓa ganinsa?"

Na girgiza kai. A Jidda aka haife ni, amma teku a wurina abin da ake hangowa ne daga bakin titi ranar Salla, ana shan askirim. Abu salama shi ne sunan da masunta ke kiran dolfin, wata babbar dabbar teku mai kama da kifi, don sun ce ganinsa alamar sauka lafiya ce. A hanyar gida ranar nan sai da na wuce lungunmu ban sani ba, don murna.

Ranar Lahadin farko motar cibiyar ta kwashe mu. Ɗakin gwaje-gwajen sanyi gare shi har sai da yatsuna suka ƙage, kuma yana wari kamar asibiti da kasuwar kifi sun haɗu. Shugabar aikin wata gajeriyar mata ce mai saurin tafiya, kowa doktora yake ce mata. Tabaranta ɗaure yake da zaren kamun kifi don kada ya faɗi. Da Larabci take mana bayani, ni ce nake mayar da shi Hausa a nan.

Ta buɗe wani ɗan akwati ta fito da haƙori. Bai kai tsawon gaɓar ɗan yatsana ba, ya ɗan lanƙwashe, launinsa kamar na tsohuwar tasbaha. Ta ce na wata macen dolfin ne da masunta suka tsinta a mace a gaɓar kudu.

"Ina so in san abin da ta ci a rayuwarta," ta ce. "Wa zai gaya mini yadda zan yi?"

Wata doguwar yarinya ta ce a buɗe cikinta a duba.

"Mun buɗe. Mun ga abincinta na ƙarshe. Ke in aka duba cikinki yau aka ga shawarma, sai a ce shawarma kika girma da ita?"

Aka yi dariya. Sai ta ɗauki alli ta yi mana bayanin da har yau nake jin daɗinsa. Ta ce karbon da naitrojin, waɗanda da su aka gina naman jikinmu da gashinmu, kowannensu iri biyu ne, kamar tagwaye masu kama ɗaya, sai dai ɗaya ya ɗan fi ɗaya nauyi. Ba sa ruɓewa, ba sa rikiɗa su zama wani abu. Kowane abinci da yadda tagwayen nan suka cakuɗu a cikinsa, kuma in ka ci, jikinka zai ɗauki tambarin ya ajiye. Karbon yana nuna inda aka ci abincin: wanda ke kiwo kusa da gaɓa, cikin ciyawar teku da duwatsun murjani, nasa ya fi nauyi a kan na mai kiwo can tsakiyar ruwa. Naitrojin kuma yana nuna matsayin mai ci: ƙaramin kifi ya ci tsiro, babba ya ci ƙarami, dolfin ya ci babba, kowane hawa nauyin na ƙaruwa. Fata tana riƙe labarin watanni. Haƙori kuwa, da yake shimfiɗa-shimfiɗa yake girma kamar albasa, yana riƙe labarin shekaru.

Ji na yi kamar an buɗe mini taga a bangon da na saba jingina da shi. Ashe duk abin da ke yawo a duniya yana ɗauke da labarin abincinsa, a rubuce, ba ya ma sani.

Sai doktora ta mayar da haƙorin cikin akwati ta rufe.

"Babu wadda za ta taɓa wannan tukuna. Ba ni da wani in kun ɓata shi. Kowacce za ta fara da gashin kanta. Ku kawo ɗan kaɗan ranar Lahadi mai zuwa, da izinin gida. Ku wanke, ku yanka, ku auna, mu ƙona a inji. Wadda aikinta ya fito da tsabta za ta wuce wurin haƙori, kuma da ita za mu fita teku a ƙarshe. Wadda ba ta kawo ba, ko ta ɓata, halas, mun gode mata."

Sauran 'yan matan ko a jikinsu. Ɗaya ma a take ta ciro sili daga ƙarƙashin ɗankwalinta tana nuna wa ƙawarta. Ni kuwa gwangwanin madara ne ya faɗo mini a rai.

Mamata na fara samu a kicin tana tankaɗe. Ta saurara har na gama, ta ce, "Ki tambayi babanki." Babana yana gyara igiyar takalminsa zai fita aiki, ya ce, "Abin da Hajiya ta ce." Na san haka za a yi. Na kuma san ba zan iya yanka a ɓoye ba, domin hannun da ke kitsa kan nan duk mako ya san kowane sili da inda ya tsaya.

Da la'asar na sami kakata tana dama fura a ƙwarya. Na durƙusa na faɗa mata, murya ƙasa-ƙasa, rabi Hausa rabi Larabci, don a lokacin Hausata ta ji ce, ba ta faɗa ba.

Ludayin ya tsaya.

"Gashin wa?"

"Nawa, Hajiya. Shwayya kawai. Ɗan kaɗan."

"Su yi me da shi?"

"Su... ƙona."

Ta ajiye ludayin a hankali, ta kalli mamata da ta leƙo daga kicin. "Kin ji ko? Baƙuwar mace, ba dangin iya ba na baba, ta ce a kawo mata gashin budurwa ta sa a wuta. Kuma ku kuna tsaye. A garinmu mai yin wannan ko kunyar faɗa yake ji, sai dare ya raba. Nan kuma har mota suke turowa!"

"Ba boka ba ce, Hajiya, doktora ce."

"To da boka zai rubuta a goshinsa? Tashi ki ba ni wuri, takwara. Kifi ne ba ki taɓa gani ba? Gobe in aika a sayo miki kilo guda ki yi ta kallo."

Duk makon nan ina zuwa cibiyar ina koyon riƙe hantsaki da amfani da ma'auni. Ma'aunin yana cikin ɗan ɗaki na gilashi, kuma in ka yi numfashi kusa da shi sai lambobinsa su yi rawa. Na gano cewa in na riƙe numfashina na kuma jingina gwiwar hannuna a tebur, hannuna ba ya karkarwa. Ina son aikin kamar in kwana a wurin. Kowace safiya sai wata ta kawo gashinta a 'yar ambulan, ni kuwa in sunkuyar da kai. Sau biyu doktora ta kalle ni ta saman tabarau.

Ranar Juma'a na zauna tsakanin ƙafafun kakata kamar kullum. Na lura tun ina ƙarama cewa in tana kitso ta fi sauraro, wataƙila don ba ta ganin fuskar mai magana. Ni ma na fi iya magana in ba a kallona. Na tattara duk Hausar da nake da ita.

"Hajiya, kazar gida da kazar firiza ɗaya ne?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Ina za a haɗa? Ta firiza ai auduga ce aka jiƙa."

"Me ya sa?"

"Don ta gida tana tono, tana cin tsaki da ƙwari. Daina motsi."

"To ashe abin da ta ci yana zauna a namanta."

"Yana zama, ba yana zauna ba. Wannan Hausa taki ko akuya ta ji sai ta nemi tafinta." Ta ja wani sili har sai da na runtse ido. "Ai nono ma haka yake. Saniyar da ta ci ɗanyar ciyawar damina, da wadda ta ci kara da rani, ko ido rufe na sha zan faɗa miki."

"To shi ne aikin injin! Ke da harshe kike ganewa, shi da ma'auni. Abu salama yana cikin ruwa, ba mai iya binsa ya ga abin da yake ci. Sai a duba haƙorinsa. In an san inda yake kiwo, sai a san wurin da ba za a bari a ɓata ba, a cike shi da ƙasa ko a zuba masa datti." Ban taɓa jera magana mai tsawo haka a gabanta ba. "Kuma in ban kai ba jibi, za a cire ni."

Hannunta ya ci gaba da aiki. Sai da ta gama layi biyu sannan ta ce, "Ita kifanyar, wa ya ba su izinin haƙorinta?"

"Ta mutu ne, Hajiya. Kuma ba kifi ba ce. Haihuwa take yi, tana shayarwa."

Hannun ya tsaya cak. "A cikin ruwan?"

"A cikin ruwan."

"Ikon Allah." Ta zare gashin da ke mataji, ta naɗe, ta tura ƙarƙashin cinya. "Ki ce wa baffanki ya zo da mota jibi da safe. Ni ba na sayen akuya a cikin buhu. Sai na ga matar nan da idona."

Haka muka tafi ranar Lahadi, mu uku a gaban motar baffa, kakata a tsakiya tana riƙe da jakarta a ƙirji, tana ce masa ya rage gudu ba gawa ya ɗauko ba. Tun daga ƙofar cibiyar nake addu'ar ƙasa ta tsage. 'Yan matan duk sun juyo suna kallon tsohuwa mai zanen atamfa a ƙarƙashin abaya, tana ƙamshin turaren wuta, tana duba kowace kwalba kamar mai neman shaida.

Doktora ba ta nuna mamaki ba. Ta taso ta sumbaci kanta, ta jawo mata kujera. "Ahlan ya Hajja, kin haskaka mana wuri."

Kakata ta yi shekaru da yawa a Jidda, amma Larabcinta na kasuwa ne, don haka ni ce tafinta. A gaban kowa.

"Tambaye ta nawa za ta ɗiba."

Doktora ta ɗauko ɗan kofi na farin ƙarfe mai laushi kamar takardar alawa, bai kai ƙwayar wake ba, ta ɗora a tafin hannun kakata. Ta ce ko rabinsa gashin ba zai cika ba.

"In ta ƙona, tokar fa? Ina take kai ta?"

Doktora ta ce ba abin da ke raguwa da za a iya riƙewa, iska yake zama, injin ya auna iskar, ta fita.

"Ragowar da ba a ƙona ba fa?"

"A kwandon shara muke..." Doktora ta ga fuskar kakata tun kafin in fassara, ta yi maza ta gyara. "Za mu mayar miki da shi. Duka."

Kakata ta juya ɗan kofin da farce, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta sa hannu ta zame ɗankwalinta baya. Ban taɓa ganin ta buɗe kai a wajen ɗakinta ba. Furfura ce fara sol, an kitsa ta ƙanana.

"Ce mata na yarinya dai a'a. Tana da aure a gaba, tana da haihuwa. Ni kuwa na ci zamanina, in ma wani abu ne ya same ni. A yanki nawa, ita ta yi aikin a kai. In ta yarda, to. In ba ta yarda ba, ga mota can ba a kashe ba."

Na fassara. Doktora ta cire tabarau ta goge, ta ce, "Gashi gashi ne. Amma sharaɗina yana nan. In bai fito da tsabta ba, ba ta wuce ba." Ta sunkuya ta shinshina kan kakata, ta yi murmushi. "Kuma zai yi wuya. Me take shafawa?"

"Man shanu," na ce.

"Allah ya taimake ki. Mai yana da nasa karbon ɗin. In kika bar ko kaɗan, saniya za mu auna, ba kakarki ba."

Na gaya wa kakata. Ta ce, "Ce mata saniyar ma 'yar gidan mutunci ce."

Ni na riƙe almakashi. Na kwance kitso ɗaya ta ƙeya, na yanko ɗan tsiri daga tushe, hannuna a jingine da kafaɗarta don kada ya yi rawa. Wannan ne karo na farko da ni ce a bayanta.

Sauran 'yan matan wanki kaɗan suka yi suka gama. Ni kuwa duk sanda na tsoma furfurar a ruwan maganin da ke narkar da mai, sai in ɗaga kwalbar a hasken taga in ga wani siririn maiƙo yana yawo a sama, mai launin bakan gizo. In zubar, in sake. Har aka tashi ban gama ba, washegari na ci gaba. Sai da ruwan ya fito garau, gashin kuma ya daina santsi ya koma yana ƙara tsakanin hantsaki kamar zaren buhu, sannan na busar da shi. Na yayyanka shi ƙanana, na auna ina riƙe da numfashi, na naɗe kofin ya zama ɗan dunƙule kamar ƙwayar gero. Ragowar na zuba a kwalba na rufe, har da 'yan guntayen da suka maƙale a bakin almakashi.

Ranar da sakamako ya fito, doktora ta haska shi a bango. Kowace yarinya ɗigo guda. Daga hagu zuwa dama karbon, daga ƙasa zuwa sama naitrojin. Ɗigogin sun taru wuri ɗaya kamar tururuwa a kan sukari, 'yan matan suna ta ihu kowacce tana neman nata. Can gefen dama, shi kaɗai, nesa da kowa, ga wani ɗigo.

Ba sai an gaya mini ba. Na ce shi ke nan, man shanu ya ci ni, ba ni ba haƙori, ba ni ba teku. Na fara tunanin yadda zan shiga motar gida ba tare da na yi kuka ba.

"Na wa ne wancan?" in ji doguwar yarinyar. "Ya ɓata hanya."

Doktora ta sunkuyar da kai. Tana duba wasu lambobi a takarda, tana bin su da ɗan yatsa. Sai ta ɗago, idanunta suna ƙyalli.

"Da mai ya rage, da hagu zai ja ɗigon, ba dama ba. Kuma yawan karbon da naitrojin ya zo daidai da na gashi mai tsabta. Wannan wanki ya yi." Ta nuna ni da alli. "Ke, tashi. Me kakarki take ci? Shinkafa da burodin alkama su ne suka tara waɗannan wuri ɗaya. Wanda ya kai can, wani hatsi yake ci kullum, irin mai son rana."

A makaranta ban taɓa faɗin abin da muke ci a gida ba. Burodi da cuku nake zuwa da shi kamar kowa. Na miƙe, kunnuwana suna zafi.

"Gero," na ce. Sai na faɗa da Larabci, dukhun. "Da safe kunu. Da rana fura. Da dare tuwon dawa ko na masara. Ba ta cin shinkafa, ta ce ba ta riƙe ciki. Daga gida ake aiko mata da geron, ta hannun masu zuwa umra."

"Dukhun!" Wata yarinya mai shiru-shiru irina, 'yar Jizan ta kudancin ƙasar, ta buga tebur. "Kakata ma haka! Wallahi har da nono take damawa!"

Doktora ta tafa hannu kamar yarinya. Ta ce mu duba da kyau, wannan shi ne duk abin da take so mu gane: ba wanda ya bi Hajja kicin, amma ga kicin ɗinta a bango. Haka za mu bi abu salama wurin kiwonsa ba tare da mun jiƙe ba. Sannan ta ƙara da cewa ɗigon ya ɗan yi sama, alamar mai shi ba ta wasa da nama ko kifi, ko da yake injin ba ya iya faɗin sunan abin.

Na kai wa kakata kwalbarta da labari. Ana zaune ana cin abinci, baffa ma yana nan. Da na zo wurin nama sai ya ajiye cokali.

"Hajiya! Ke da kike cewa ba ki da haƙoran tsire? Ashe ba kyanwa ke buɗe mini takarda ba in na ajiye!"

"Injin nan magulmaci ne," ta ce, tana gyara zama. "Kuma kai ma ka ci gidanku." Amma sai da ta sa na maimaita mata wurin da ɗigonta ya tsaya shi kaɗai, har sau biyu. Ta ɗaga kwalbar a haske, ta girgiza, ta jefa cikin gwangwani.

Mako na gaba aka buɗe akwatin. An riga an tsaga haƙorin gida biyu, kuma a ƙarƙashin madubin ƙara girma na ga layukan, siri-siri, haske da duhu, ɗaya cikin ɗaya. Mataimakiyar doktora ce ke goge kowace shimfiɗa da wani ɗan inji mai kukan sauro, mu kuma mu auna garin. Garin fari ne, mara nauyi, in ka yi atishawa ka zubar da shekara guda ta rayuwarta. Sakamakon ya nuna kusa da gaɓa ta yi yawancin kiwonta, wajen murjani. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne shimfiɗun farko, na ƙuruciyarta. Naitrojin ɗinsu ya fi na sauran nauyi, sannan a hankali ya sauko. Doktora ta ce lokacin tana shan nono ke nan, domin mai shan nono daga jikin uwarsa yake ci, sai ya zama hawa ɗaya a samanta. Inda ya sauko, nan aka yaye ta.

Da na gaya wa kakata ta riƙe haɓa. A ɗakinta aka yaye ni, da kunun gero, kuma har yau tana ba da labarin cizon da na yi mata.

"Ita kuma wa ya karɓe ta yaye?" ta ce. "Tana da kaka?"

Na ce ban sani ba, amma zan tambaya.

Mun fita teku ranar ƙarshe, da sassafe, ruwan yana kwance kamar faranti. Mun daɗe ba mu ga komai ba, 'yar Jizan tana ta amai a gefena ina riƙe mata mayafi. Sai na ji wani sauti a bayana, kamar mutum ya fito daga rijiya ya saki numfashi. Na juya. Baƙin baya mai sheƙi ya lanƙwasa ya nutse, wani ya biyo, sannan wani. Suka zo gaban jirgin suna tsere da shi. Akwai ƙarami manne da gefen babba, duk inda ta juya ya juya, kuma akwai wata 'yar tsaga a tsinin bayan uwar. Wata murya tana ta ihu da Hausa, "Ga su nan! Ga su nan! Ga ɗan!" Sai da doktora ta dafa ni tana dariya na gane tawa ce.

Juma'ar da ta biyo baya na zauna a tabarma ina ta zuba, ba a ko tambaye ni ba. Kakata tana kitso tana gyara mini Hausa. Da ta gama ta tattara gashin da ke ƙarƙashin cinyarta, ta dunƙule, ta ƙulle a tsumma. Na jira in ji ƙarar murfin gwangwani. Sai na ji ta kamo hannuna ta buɗe tafin.

"Ga shi. Makonni nawa ke nan ko ciwon kai ban yi ba. Ki kai wa magulmacin, mu ji ko da gaske kina shan kunun da nake dama miki, ko zubarwa kike yi a bayan tukunyar fulawa." Ta rufe yatsuna a kai, ta matse. "Ragowar kuma ta dawo mini, takwara. Duka."